Tsohuwar Land Cruiser tana ja hagu bayan an yi alaimen sau biyu

Malam Habibu, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta kusa wata uku tana ci mini tuwo a ƙwarya. Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1995, mai injin dizal 1HZ, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Funtuwa da gonata da ke wajen Ɗandume, inda wani ɓangare na hanyar kwalta ce, sauran kuma burji. Tun bayan ɗaukewar damina na lura cewa da zarar na sassauta hannu a kan sitiyari sai ta fara zamewa hagu, har ta kai idan na yi tafiyar awa guda sai in ji kafaɗata ta riƙe saboda tare ta da nake yi. Ban da wannan, idan ta faɗa rami ina tafiya a kan kilomita 70 ko 80, sitiyarin yakan girgiza sau uku ko huɗu kafin ya natsu. Na kai ta wurin masu alaimen na kwamfuta a Zariya har sau biyu, na canza shokabzoba biyu na gaba, na kuma canza ƙaramin shoka ɗin sitiyari, amma jiya i yau. Yanzu wani yana ba ni shawarar in canza akwatin sitiyari gaba ɗaya. Kafin in sake zuba kuɗi, ina so in ji ta bakinku.

Alhaji Sabo, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Wanda ya ba ka wannan shawara bai yi nisa da gaskiya ba. Motar da ta shekara kusan 30 tana aiki a burji, da wuya a ce akwatin sitiyarinta bai ci ba. Ni ma na yi fama da irin wannan a tawa, kuma sai da na samo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa aka ɗaura mata sannan na huta.

Oga Ɗanladi, bakanike a Zariya:

Ranka ya daɗe Alhaji, ina neman afuwa, amma a nan zan saɓa maka. Akwatin sitiyari idan ya ci, abin da yake kawowa shi ne wasa, wato ka juya sitiyari kaɗan taya ba ta amsa ba, mota ta riƙa yawo dama da hagu kana kamo ta. Wannan dabam yake da motar da ta nace wa gefe guda kullum. Haka nan shokabzoba ba ya sa mota ta ja gefe, domin aikinsa shi ne kashe tsallen sifirin, ba shi ne yake riƙe da tsayin mota ko zaman aksil, wato ƙarfen da yake ɗauke da tayoyi, ba. Saboda haka kuɗin da aka kashe a kansu ba su ɓace ba idan dama tsofaffin sun mutu, amma ba su ne maganin wannan ciwo ba.

Malam Habibu, kafin a kwance ko noti ɗaya, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka auna iskar tayoyi huɗu da safe kafin mota ta yi tafiya, kuma da geji guda ɗaya, domin gejin masu faci na bakin hanya kowanne da abin da yake faɗa. Idan ka daidaita iska ka ga tana nan tana ja, sai ka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, ka sake bin wannan hanyar da ka saba gwada ta a kai. Akwai tayar da wayoyin cikinta suke karkacewa ta zama kamar mazurari, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan, kuma duk abin da yake da wannan siffa idan ka gangara shi sai ya yi kwana. Idan jan ya koma dama bayan musanyar, to ka kama ɓarawonka, taya ce. Sannan ina so ka gaya mana ko jan yana ƙaruwa idan ka taka birki, da kuma ko sitiyarin yana komawa tsakiya da kansa bayan ka gama shan kwana.

Injiniya Rabi, Kaduna:

Ina goyon bayan Oga Ɗanladi, kuma zan ƙara bayani a kan dalilin da ya sa alaimen sau biyu bai yi amfani ba. Samfurin 80, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, aksil ɗin gabansa ƙarfe ɗaya ne dunƙulalle daga taya zuwa taya, ba irin na ƙananan motoci ba da kowace ƙafa take zaman kanta. A irin wannan ƙira, abu ɗaya ne kawai mai alaimen yake iya juyawa a ƙafafun, wato tsukewar gaban tayoyin ta hanyar tayarod. Kamba, wanda shi ne jinginar taya ciki ko waje, da kasta, wanda shi ne kwanciyar da madogarar juyawar taya take yi zuwa baya, duka biyun a jikin ƙarfen aka gina su, babu wani noti da kamfani ya tanada domin gyara su. To ita kuwa tsukewar gaba idan ta ɓaci, taya take ci, ta kuma karkatar da sitiyari, amma ba kasafai take sa mota ta ja gefe ba, domin tayoyin biyu suna raba kuskuren a tsakaninsu da zarar mota ta miƙe. Ka ga ke nan an yi ta gyara abin da ba shi ne ya lalace ba.

Akwai kuma abin lura a batun gefen da take ja. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba yana tafiya ne a ɓarin da kwalta ta gangara dama domin ruwa ya zurare, shi ya sa lafiyayyar mota ma takan ɗan zame dama a hankali. Motar da take hawa tudun hanya tana tafiya hagu, abin da yake janta ba ƙarami ba ne. Idan masu alaimen sun ba ka takardar awon, ka karanta mana lambobin kasta da kamba na kowane gefe.

Malam Habibu, Funtuwa:

Na gode ƙwarai. Na yi abin da Oga ya ce, kuma na ji kunya da na ga tayar hagu tana kan geji 28, ta dama kuwa 38. Na daidaita su, jan ya ragu kaɗan amma bai tafi ba. Na musanya tayoyin, tana nan tana ja hagu kamar da. Idan na taka birki da ƙarfi kanta yakan fizga hagu sannan ya dawo. Batun komawar sitiyari kuwa, idan na sha kwanar dama yana dawowa, amma idan na sha ta hagu sai na dawo da shi da hannuna. Takardar awon tana nan, Injiniya. An rubuta kasta digiri 1 a hagu, digiri 1.3 a dama, kamba kuma kusan digiri 1 a kowane gefe. Wani abin da ban faɗa ba tun farko, domin ban ɗauka yana da muhimmanci ba, shi ne wanda na sayi motar a hannunsa ya sa mata dogayen sifirin, ta ɗaga kamar inci biyu.

Malam Ilyasu, Damagaram:

Salamu alaikum. Na shekara da yawa ina jan irin wannan mota tsakanin Damagaram da Agadas ta Tanut, kuma duk wanda ya san yadda hanya take yin kunya-kunya kamar gona ya san abin da take yi wa ƙafar mota. Tunda ka ce tana fizga idan ka taka birki, kada ka wuce birkin ba ka duba shi ba. Ka yi tafiyar kamar kilomita 10 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya a hankali, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili na gaba, amma kada ka taɓa faifan birkin domin yana iya ƙona ka. Idan na hagu ya fi zafi, birkin wannan ɓarin yana riƙewa. Kalifar gaban wannan mota, wato abin da yake matse faifan birki, fistin huɗu gare ta, kuma laka da tsatsa sukan kama ɗaya ya ƙi komawa. Na taɓa kwana biyu a wani ƙauye a kan irin wannan, muka wanke kalifa tas abin bai saki ba, ashe tiyon roba ne na birki ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa ya koma. Daga waje kuwa tiyon lafiya lau, ko tsaga babu.

Sai dai akwai tarko a nan. Idan mota tana fizga hagu a lokacin taka birki kawai, sau da yawa birkin dama ne ba ya kamawa, ba na hagu ne ya yi ƙarfi ba. Mutane sukan kwance gefen da ba shi da laifi.

Alhaji Sabo, Kano:

To ai ga amsa nan a takarda. Kasta na hagu bai kai na dama ba, kuma kowa ya san mota tana bin gefen da kastansa ya fi ƙanƙanta. Na janye maganar akwati, amma ina ganin a nemo yadda za a ƙara na hagun kawai a wuce wurin.

Injiniya Rabi, Kaduna:

Alhaji, ƙa'idar da ka kawo daidai ce, mota tana karkata zuwa gefen da kastansa ya gaza. Amma bambancin digiri 0.3 bai kai ya hau da mota tudun hanya ba, kuma na'urar awo ma tana iya yin kuskuren da ya kai haka idan ba a zaunar da ita daidai a jikin wili ba. Sannan tunda gwiwoyin biyu, wato ƙarshen aksil inda kowace taya take juyawa, a jikin ƙarfe ɗaya suke, ba za ka iya murɗa na hagu ka bar na dama ba, sai dai ka tilasta wa bushi, wato robobin da suke tsakanin aksil da ƙarafan da suke riƙe da shi, su ɗauki murɗar, su kuma yage cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dukansu biyun sun yi ƙasa. Abin da kamfani ya tsara wa wannan mota yana wajen digiri 3 ne. Idan aka ɗaga ta da dogon sifirin, dogayen hannuwan nan biyu da suke riƙe da aksil daga shasi sukan sunkuya ƙasa, su mirgina aksil ɗin gaba, kasta ya ragu. Ku dubi keke: sandar da ta haɗa ƙahonsa da tayar gaba a kwance take kaɗan zuwa baya, shi ya sa yaro yake iya sakin hannu ya ci gaba da tafiya a miƙe. Da za a miƙar da sandar tsaye cak, keken ba zai yarda ya tafi a layi ba. Motar Malam Habibu ta rasa yawancin wannan ƙarfin da yake dawo da ita tsakiya, saboda haka ƙaramin aibin da a da za ta shanye, yanzu shi yake juya ta. Ƙarancin kasta ba shi ne mai jan ba, amma shi ya buɗe wa mai jan ƙofa.

Oga Ɗanladi, bakanike a Zariya:

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce sitiyari yana dawowa daga dama amma ba ya dawowa daga hagu. Wannan alama ce ta cewa wani abu yana cijewa a gwiwar aksil. A kowace gwiwa akwai boris biyu na kinfin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, waɗanda a kansu taya take juyawa dama da hagu. Su ba sa zagayawa kamar boris ɗin taya, kusan a wuri ɗaya suke zaune suna shan dukan rami shekara da shekaru, har 'ya'yan boris ɗin su haƙa wa kansu gurbi a jikin kofinsu. Idan gurbin ya samu, sitiyari sai ya riƙa faɗawa cikinsa ya zauna.

Ga yadda za ka gane. Ka ɗaga gaban motar, ka tokare ta da abin tokare mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, ka sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Idan ƙarar ta ɗauke, boris ɗin taya ne ya saki, kuma wannan ɗauri ne kawai da soket mai lamba 54. Idan ƙarar tana nan duk da birki, kinfin ne. Daga nan a cire kan tayarod daga gwiwar, a juya ta da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Lafiyayya tana tafiya sumul da ɗan nauyi iri ɗaya, wadda ta ci kuwa za ka ji tana tsalle gurbi-gurbi kamar kana juya makunnin fanka. Ka leƙa bayan gwiwar kuma, wurin ƙwallon nan mai sheƙi. Idan ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa kamar kunu yana zuba, sil ɗin cikin aksil ya mutu, man giya ya shiga ya narkar da giris ɗin Birfield, wato gaɓar da take cikin ƙwallon tana kai wa taya juyi, kuma boris ɗin sama shi yake fara bushewa.

Abu na biyu shi ne ka samo tef ɗin awo na magina, ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen daɓe tayoyi a miƙe, ka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya a kowane gefe. Fizgar da take yi idan ka taka birki tana iya zama birki kamar yadda Malam Ilyasu ya ce, tana kuma iya zama aksil ne yake ja da baya a gefe ɗaya saboda bushin hannunsa ya mutu.

Malam Ilyasu, Damagaram:

Oga ya tuna mini da wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba. A ƙarƙashin kowace gwiwa akwai noti huɗu da suke riƙe da hannun sitiyari, wato ƙarfen da yake juya gwiwar, kuma a wannan samfurin an san su da kwancewa, musamman a motar da take bin hanya mai kunya-kunya. Idan suka saki, kusoshin sukan karye ɗaya bayan ɗaya, ranar da na ƙarshe ya tafi kuwa taya ba ta tare da sitiyari. Mu a hanya duk safiya sai mun sa musu sifana kafin mu sha shayi. Ka duba su yau, ɗan'uwa, kada ka jira ranar zuwa gareji.

Malam Habibu, Funtuwa:

Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar na wuni a ƙarƙashin mota tare da bakanikena, ga abin da muka samu. Zafin wili biyu kusan ɗaya ne, kuma duka tayoyin suna juyawa da hannu ba tare da riƙewa ba, saboda haka mun ajiye batun birki. Tayar hagu tana ƙwas-ƙwas, kuma taka birki bai hana ba. Da muka cire tayarod muka juya gwiwar, sai ga gurbin da Oga ya siffanta, har ana jin sa a tafin hannu, ɗan hagu kaɗan da tsakiya. Ƙwallon hagu ya yi kaca-kaca da baƙin kunun nan, ƙasa ta manne a kai ta yi ɓawo, ni kuwa duk wannan lokaci ina ɗauka laka ce. Awon tef ya nuna gefen hagu ya gaza na dama da milimita 12. Da muka sa ƙarfe muka ɓanɓari hannun aksil na hagu ta wurin da ya haɗu da shasi, sai muka ga robar bushin ta rabu da ƙarfenta gaba ɗaya, hannun yana kai da komo a kan kusa. Malam Ilyasu kuma, Allah ya biya ka, domin biyu daga cikin notin nan huɗu na gefen dama da yatsa na juya su, ba da sifana ba. Na daɗe zaune a ƙasa ina kallonsu, ina tuna cewa ranar Laraba da iyalina na je Zariya a cikin motar nan.

Yanzu tambayata ita ce, in gyara gefen hagu kawai ko duka biyun, kuma wane irin bushi zan saya? An nuna mini na roba baƙi, an kuma nuna mini wasu masu launin rawaya da aka ce sun fi ƙarko.

Alhaji Sabo, Kano:

Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a nan. A ganina ka sayi masu launin, domin mai da zafi ba sa cin su kamar roba, kuma baƙaƙen da suka cika kasuwa yanzu yawancinsu jabu ne, wata shida sun fashe.

Oga Ɗanladi, bakanike a Zariya:

Gaskiyar Alhaji ce cewa jabu sun yi yawa, amma maganin jabu shi ne a nemi na asali, ba a canza iri ba. Hannun aksil na wannan mota dole ne ya murɗa duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa kwari, kuma robar ce take shanye wannan murɗar. Masu taurin nan ba sa bayarwa sosai, sai su tura wahalar zuwa kunnuwan ƙarfen da aka yi wa walda a jikin aksil, ramin kusa ya faɗaɗa ko kunnen ya tsage. Ga motar da take shiga gona, ni roba ta asali nake sa wa. A canza na hannu biyun gaba ɗaya, guda shida ne, uku a kowane hannu, a haɗa da biyu na sandar da take kwance a gicciye tana hana aksil zamewa gefe, domin ita ce ta fi kawo girgizar nan bayan faɗawa rami. Kuma ka tsaya a kan bakanikenka kada ya ɗaure kusoshin bushi mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyinta, sannan a yi ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe tun ranar farko.

Gwiwa kuwa duka biyun za a buɗe, domin shekarunsu ɗaya kuma ramukan da suka faɗa ɗaya ne. A canza boris ɗin kinfin da kofunansu, da sil na ciki, da sil masu share bayan ƙwallo. Siraran faranti da za a tarar a ƙarƙashin murfin kinfin kada a zubar, kada kuma a haɗa na hagu da na dama, domin da su ake daidaita nauyin juyawar gwiwa, ana aunawa da ƙaramin sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da kaya. Kusoshin da notinsu ya kwance a fitar da su a sa sababbi tare da washarsu mai siffar mazurari, domin kusar da ta yi aiki a sake ta riga ta gaji ko da ido bai ga tsaga ba.

Injiniya Rabi, Kaduna:

A kan bushi ina da ƙari ɗaya wanda zai sa ni da Oga mu ɗan rabu. Idan aka mayar da bushin kamfani a ramukan gaba alhali motar tana nan a ɗage, kasta zai ci gaba da zama wajen digiri 1. Hanya biyu ce: ko a mayar da sifirin mai tsayin asali, ko a sa bushi masu karkataccen rami a wurin da hannu ya kama aksil, waɗanda suke dawo da kimanin digiri 2. Na biyun suna da saurin ci fiye da na kamfani domin naman gefe ɗaya siriri ne, kuma idan aka buga su a karkace ba bisa alama ba sai su ƙara ɓata lamarin. Da motata ce, kuma ba na bukatar tsayin, da sifirin asali zan koma. A kula kuma cewa sifirin hagu da na dama ba lallai tsayinsu ya zama ɗaya ba, a duba alamar da ke jikinsu kafin a ɗaura.

Malam Habibu, Funtuwa:

Bayan mako biyu, ga yadda aka kwana. Na bi shawarar Injiniya na koma sifirin asali, domin hanyar gonata ba ta bukatar ƙarin tsayi, aka sa bushin roba takwas, aka sake gina gwiwa biyu. Awon tef yanzu bai wuce bambancin milimita 2 ba. Mun daidaita tsukewar gaba a kan milimita 2, muka miƙar da sitiyari ta sandar da ta taso daga akwati. Daga Funtuwa zuwa Zariya na sassauta hannu sau da yawa, tana tafiya a miƙe, sai ɗan zamewa dama a inda kwalta ta gangara, girgizar rami kuma ta tafi. Sai dai da muka wanke shasi domin ɗaurin ƙarshe, bakanikena ya nuna mini wani siririn layi mai jan tsatsa, tsawonsa kamar gaɓar yatsa biyu, a kusa da kusoshin da suke riƙe da akwatin sitiyari.

Oga Ɗanladi, bakanike a Zariya:

Wannan tsaga ce, Malam, kuma wurin nan sananne ne a samfurin 80, domin duk ƙarfin da akwati yake yi wajen juya taya a nan yake sauka. Kada ka bari mai walda ya shafa mata wuta a sama akwati yana ɗaure. A sauke akwatin, a kankare fenti har a ga inda tsagar ta ƙare, a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta domin kada ta ci gaba, a fafe ta, a cike, sannan a ɗora faranti a kai. A cire kan batir kafin a kunna injin walda. Ka duba ta cikin shasin ma da tocila, har zuwa wurin da sandar gicciye ta kama, domin sau da yawa wadda ake gani a waje ita ce ƙaramar. Kafin a yi wannan aiki ka daina juya sitiyari mota tana tsaye cak, kuma ka bar ɗaukar buhunan masara da ita zuwa gona.